Tashar Malam Madori: Ginin Da Aka Yi Domin Buhun Gyaɗa

TAMBAYA

Ni haifaffen Kafin Hausa ne, kuma ɗalibi a Jami'ar Sule Lamido da ke nan garinmu. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda suke ɗora wa jakuna gyaɗa da kaka, su haye kogi, su kai ta Malam Madori inda jirgin ƙasa ke kwasa. In yana labarin sai ka ɗauka wani babban birni yake faɗi. Kwanan baya na raka abokina garin, na ce lallai sai ya kai ni tashar na gani da idona. Baba, na tarar da wuri tsit, awaki na kiwo a gefen dogo, rairayi ya hau kan ƙarfen a wasu wuraren. Na daɗe a tsaye ban san abin da nake kallo ba. Don Allah wa ya gina ta, kuma yaushe? Me ya sa aka kai jirgi can aka bar Haɗeja da mu nan? In har ta yi tashen da kakana ke faɗi, me ya sa ginin bai fi haka girma ba? Sannan abokina ya ce kayan Turawan mulkin mallaka ne, ko ya rushe ba mu yi asarar komai ba. Gaskiyarsa ne?

Daga ɗanka, wani ɗalibi a Kafin Hausa.

AMSA

Allah ya jiƙan kakanka, ya sa Aljanna ce makomarsa, kai kuma ya yi wa karatunka albarka. Na ji daɗin wasiƙar nan ƙwarai, domin matasa da yawa sukan wuce irin wannan wuri a kan babur ba tare da sun ko waiwaya ba. Zan fara da tambayarka ta uku, ta ƙanƙantar ginin, don a cikinta amsar sauran take. Kakanka bai ƙara gishiri ba, kai ma idonka bai yaudare ka ba. Tashar ta yi tashe, ginin kuma ƙarami ne, saboda ba don mutane aka yi shi ba. Don buhu aka yi shi, buhu kuwa ba ya buƙatar zauren zama.

Sai mu koma baya kaɗan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta layin da aka fara shimfiɗawa a 1907 daga Baro, a bakin kogin Kwara, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne. Talakawan da sarakuna suka tattaro bisa umarnin Turawa su ne suka haƙa ƙasar suka ɗauki ƙarfen, kuma da yawansu ba da son ransu suka je ba. A 1912 aka haɗe wannan layi da na Ikko suka koma ƙarƙashin hukuma ɗaya. Abin da Turawa suka sa rai shi ne auduga, domin masaƙun Ingila. Manomin ƙasar Kano ya yi nasa lissafin. Audugarsa masaƙan gida na saye da daraja, ita kuwa gyaɗa tana son jigawa, in ba a sayar ba a ci, harawarta dabba ta ci, ga shi kuma a lokacin masana'antun Turai na neman man gyaɗa ido rufe domin yin man shafa wa burodi da sabulu. Sai gyaɗar da Nijeriya ke fitarwa ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Shekara ɗaya tak. Daga nan hankalin gwamnati da na kamfanoni ya koma kan inda za a ƙara samo ta.

Wannan ne ya haifi rassa biyu a ƙarshen shekarun 1920. Ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Ɗayan shi ne namu, wanda ya tashi daga Kano ya nufi arewa maso gabas, ya isa Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. A hanya yana tsayawa Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, ban da wasu ƙananan tashoshi. To ka ga shekarun tasharku sun doshi ɗari. Ka kuma tuna cewa a 1906 ne Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu Mai Shahada ya faɗi a fagen daga. Shekara 24 kacal tsakanin wannan rana da ranar da jirgi ya fara kuka a ƙasar Haɗeja. Akwai dattawan da suka ji ƙarar bindigogin nan suna samari, suka kuma zo suka tsaya a layin sikeli da gyaɗarsu don su sami kuɗin haraji. Harajin nan da aka ce sai da tsabar kuɗi za a biya, shi ne bulalar da ta kora mutane da yawa zuwa noman gyaɗa, ko da wanda bai yi niyya ba.

Kan batun me ya sa aka bar Haɗeja da Kafin Hausa, ina so ka nemi taswira ka shimfiɗa a gabanka, ka bi layin da yatsa. Za ka ga tun daga Ringim har Nguru yana tafiya ne ta arewacin kogin Haɗeja, a kan tudu da jigawa, bai yarda ya faɗa fadama ba. Ku kuwa kuna kudu da kogi, kuma kai ka fi ni sanin abin da ruwa ke yi a ƙasarku daga Agusta zuwa Satumba. A nawa karatun, wannan shi ne babban dalili. Mai shimfiɗa dogo da kuɗi ƙalilan babu abin da yake gudu kamar gada da cikon ƙasa, kuma ƙasar da ta fi sauƙin shimfiɗa ƙarfe ita ce dai ƙasar da gyaɗa ta fi so. Ka ƙara lura da wani abu: layin ya ratsa ƙasar Kano, ya taɓa ƙasar Gumel a Gagarawa, ya shiga ƙasar Haɗeja, ya ƙare a Nguru da ke Barno a wancan lokaci, amma bai shiga birnin Gumel ba, bai shiga birnin Haɗeja ba. Wanda ya zana shi ba fadar sarki yake nema ba, ba kuma tsohuwar kasuwa ba. Gonaki yake nema, da miƙaƙƙiyar hanya zuwa bakin teku. Shi ya sa Malam Madori, da ke 'yar tafiya arewa da Haɗeja, ta zama ƙofar da amfanin gonar masarautar ke fita ta cikinta, garin ya girma a jikin tashar har ya zama hedikwatar ƙaramar hukuma a yau. Shi ya sa kuma kakanka sai da ya haye ruwa.

Yanzu mu koma tashar, in nuna maka yadda ake karanta irin wannan wuri, domin ƙananan tashoshin da aka gina a wancan zamani kusan fasalinsu ɗaya ne, daga zane ɗaya ake fitar da su a ofishin injiniyoyi. In ka koma, kada ka fara da ginin. Fara da ƙasa. Ka auna tsakanin ƙarfen dama da na hagu, za ka sami ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067. Wannan shi ne ƙaramin ma'aunin da Ingila ta zaɓa wa yawancin ƙasashen da ta mallaka a Afirka, saboda ya fi araha, alhali a gida tana amfani da mai faɗin milimita 1,435. Ka duba abin da aka gicciya a ƙarƙashin dogon. A layukanmu na Arewa an yi amfani da ƙarfe da yawa maimakon katako, saboda gara. Ka share rairayi a gefen dogon ka duba da kyau, domin masu ƙera shi sukan buga sunan masana'anta da shekarar da aka narka shi a jikinsa. In ka ci sa'a ka sami wannan rubutu, to ka riƙe shaidar da ta fi kowane labari ƙarfi. Sai ka ƙirga layukan. Hanyar Kano zuwa Nguru layi ɗaya ce tal, mai zuwa da mai dawowa duk a kanta suke bi, saboda haka a tasha ne ake raba layin biyu don wani ya rakuɓe wani ya wuce, a kuma ƙara wani reshe inda ake ajiye taragu ana lodi. Asalin tasha ke nan: wurin kaucewa da wurin lodi. Ginin daga baya yake zuwa.

Shi ginin, abin da aka saba yi shi ne ɗakuna kaɗan a jere, bene babu, rufin kwano mai gangara wanda ya zarce bango ya yi baranda ta fuskar dogo. Barandar nan ita ce duk abin da aka tanadar wa talaka matafiyi, inuwa da wurin fakewa daga ruwa. Ɗaki ɗaya na shugaban tasha ne, nan wayar tangaraho take, kuma nan ne zuciyar wurin, domin a layi ɗaya direba ba ya tashi sai an yi magana da tasha ta gaba an tabbatar hanya babu kowa, an danƙa masa shaidar izini a hannu. Kuskure ɗaya a ɗakin nan, jirage biyu su yi karo. Sai 'yar tagar sayar da tikiti, sai ɗakin ajiyar ƙananan kaya. Rufin yakan yi tsawo kuma tagogi su fuskanci juna don iska ta ratsa, tun da babu lantarki balle fanka. Ba a ƙawata shi ba. Kwatanta shi da zanen da maginanmu ke yi a fuskar soro, da zankwaye, da bakan gizo na cikin zaure, za ka ga mutanen da suka gina tasha ba su zo don su burge kowa ba. Daga nan ka nemi wurin ruwa. Kan jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, yana cin kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu, yana shan ruwa kamar ba gobe, don haka a tashoshin da aka keɓe domin shayar da shi akan kafa tanki a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, da rijiya ko famfo a kusa. Bayan an fara kawo masu amfani da man dizal a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, sannu a hankali tankunan suka zama ba su da aiki. Can gefe kuma akwai gidajen ma'aikata, waɗanda girman kowanne ke nuna muƙamin mai shi.

Abin da kakanka ya gani, wanda kai ba ka gani ba, shi ne filin. Wannan fegin da ka tsaya a ciki kana ganin babu komai, shi ne tashar ta gaskiya. Da kaka ta yi, nan ake kafa sikeli. Akawun kamfanoni irin su UAC da John Holt, da wakilan manyan attajiran Kano, da 'yan baranda masu tare manomi tun kafin ya iso, da 'yan dako, da masu ɗinkin buhu, da masu tuwo da masu fura, da jakuna da raƙuma, duk a nan. Malam Madori na cikin garuruwan da aka san su da dalar gyaɗa, irin wadda ake danganta farkonta da Alhaji Alhasan Ɗantata a Kano, wadda akan ce guda ɗaya takan ci buhu har 15,000. Tsara ta gwaninta ce ta gaske, domin in gindin bai zauna daidai ba kafin a kai ƙololuwa ta zube. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗi ba game da dalar nan da muke alfahari da hotonta. Gyaɗar da aka tara haka, jiran jirgi take yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu noma ya fi ƙarfin taragun da ake da su, har amfanin wata shekara kan tarar da na bara bai tafi ba, a lulluɓe da tamfol ana yaƙi da ƙwari. Tsayin dala shaidar ƙwazon manomi ne, kuma shaida ce cewa siririn layin nan guda ɗaya, mai nisan sama da kilomita 1,100 daga Kano zuwa Ikko, ya yi wa amfanin gonarmu kaɗan. Ka ƙara da cewa tun daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanka farashi, tana biyan manomi ƙasa da abin da ake saye a kasuwar duniya tana riƙe rarar. Da irin wannan rara gwamnatin Jihar Arewa ta yi ayyuka da dama. Wato gumin kakanka yana cikin gine-ginen da bai taɓa shiga ba.

Duk da haka mutane ba su tsaya inda aka ajiye su ba. Jirgin da aka kawo don buhu, sai fatake suka hau shi da goro da gishiri da atamfa. Almajirai suka hau, masu zuwa cin rani suka hau. Daga Nguru ana loda shanu da fatu da ƙiraga da ƙaro da busasshen kifi. Ma'aikatan reluwe daga Kudu suka zauna a garuruwan layin da iyalansu, 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki. Ni ma da ƙuruciya na shiga jirgin nan, kuma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda gari ke farkawa tun kafin a hango hayaƙi: yara su sheƙo a guje, 'yan talla su jeru da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai da rake, ana miƙa kaya ta taga ana miƙo kuɗi, jirgi ya ɗaga ana ta kiran canji. Babu injiniyan da ya zana wannan.

Mutuwar tashar ba dare ɗaya ta zo ba, kuma ba zan ja ta da tsawo ba. A 1964 sabon layi ya isa Maiduguri ta Bauchi da Gwambe, kayan Barno da yawa suka daina biyowa ta Nguru. Rikicin 1966 ya sa ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas suka bar Arewa, yaƙin basasa ya biyo baya har 1970. Sai farin farkon shekarun 1970, sai annobar 1975, cutar nan da manoma ke kira kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki. Ƙasar da a shekarun 1960 babu wadda ta kai ta fitar da gyaɗa a duniya, ta wayi gari ba ta da ta fitarwa. Kuɗin man fetur ya shimfiɗa kwalta, tirela ta zo har bakin gona, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. An sha yunƙurin gyara harkar jirgin, an kawo Indiyawa su riƙe ta a 1979, an ba kamfanin Sin kwangila a 1995, amma reshen da aka yi domin kaya ɗaya, in kayan ya tafi, da wuya ya koma yadda yake. Sabon layin da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021, daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina zuwa Maraɗi, tare da reshe zuwa Dutse, mai faɗin ma'auni ne. Jirginsa ba zai iya hawa tsohon dogon Malam Madori ba ko da an so.

Saura maganar abokinka. Ka gaishe shi, ka ce ban yarda da shi ba, ko da yake na fahimci inda zafin ya fito. Gaskiya ne ba don ƙaunarmu aka gina tashar ba, na ma faɗi haka tun farko. Amma wa ya haƙa harsashin? Wa ya ɗauki buhun a ka ya hau dala da shi? Harajin wa aka kashe? Baturen ya daɗe da komawa gida. In ginin ya faɗi, abin da zai ɓace shi ne wurin da jikan manomi zai tsaya ya nuna da yatsa ya ce nan kakana ya sauke jakinsa. Mu a ƙasar nan tarihinmu da aka rubuta yawanci na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Tarihin talaka mai fartanya ba shi da fada, ba shi da kundin sarauta, sai irin wannan fili da 'yan ɗakunan nan. Kuma an yi irin wannan ceto a wani wuri. A Ebute Metta da ke Ikko akwai wani gidan reluwe da aka gina a 1898, ana kiransa Jaekel House, wata ƙungiya mai suna Legacy ta gyara shi ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi. A Kano Gidan Ɗan Hausa, inda Bature ya zauna ya buɗe makarantar boko, yana nan ana shiga ana kallo, babu wanda ya ce ajiye shi yabon mulkin mallaka ne.

Tashar da filinta mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ne, don haka ba mai taɓa ko ƙusa sai da izininta, kuma duk wanda ya kwance ƙarfen dogo ya kai wa 'yan gwangwan laifi ya aikata, a gaya wa yara wannan. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke da ikon sa gini a jerin waɗanda doka ta kare. Gwamnatin Jigawa da masarautar Haɗeja suna da bakin da za a saurara in suka nema, musamman tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi dama su sa hannu a harkar jiragen ƙasa. Wannan aikin manya ne, kuma yana cin lokaci.

Naka aikin ba ya jiran kowa. Wayar da ke aljihunka ta isa. Ka koma ka ɗauki hoton kowace fuska ta ginin, da tagogi da ƙofofi da duk wani rubutu ko lamba, ka auna tsawo da faɗi da taku ka zana a takarda. In hali ya yi, ka leƙa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin Lardin Kano na zamanin En'e suke. Amma kafin Kaduna, ka nemi tsofaffi, domin takarda za ta jira ka, su kuwa ba za su jira ba. Wanda yake da shekara 15 lokacin da gyaɗa ke ganiyarta a 1965, yau ya haura 70. A Malam Madori za ka sami wanda ya yi dako, da wadda ta yi tallan abinci a bakin jirgi. A Kafin Hausa da ƙauyukanta za ka sami sa'o'in kakanka ko ƙannensa. Ka je da goronka, ka durƙusa ka gaishe su, kada ka yi gaggawa. Ka tambaye su a wane mashigi ake haye kogi, nawa 'yan fito ke karɓa a kan jaki, ina ake yada zango, wa ke riƙe da sikeli kuma yaya ake gane ya danne, me ake sayowa da kuɗin a kan hanyar dawowa. In ka tattara, ka aiko mini in karanta, ina son in ji ko kwana nawa jakin kakanka ke yi a hanya.